Baƙo marar mai masauki: ɗalibi a ƙasar waje da tambayar sabo

Hausawa na da magana biyu game da wanda ya bar garinsu, kuma da jin farko sai a ɗauka suna karo da juna. Ta farko tana cewa in mutum ya je gari ya tarar kowa da wutsiya, to shi ma ya nemi igiya ya ɗaura. Ta biyu tana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗaya tana umartar baƙo da ya saje da mutanen da ya tarar, ɗayar tana yi masa kashedi da abin da nisa ke ci. Dattawan da suka bar waɗannan maganganu ba su san jami'a ba, amma da wuya a sami wanda suka fi dacewa da shi kamar ɗalibin da ya ci jarrabawar bak a Maraɗi ko Damagaram, ya hau jirgi a Yamai, washegari ya farka a ɗakin kwanan ɗalibai a Liyon ko Tuluz. Ba wanda zai yi masa tambayar a aji, amma kullum sai ya amsa ta da aikinsa: me ya halatta ya sake daga halinsa domin zama ya yiwu, me kuma in ya sake shi ya ci amanar waɗanda suka aiko shi?

Ƙasar Faransa ita ce misalin da ya fi kusa, domin tun kafin samun ƴancin kai a 1960 ƴan Nijar ke zuwa can neman ilimi mai zurfi, kasancewar ba a buɗe makarantar da ta zama jami'ar Yamai ba sai a 1971. Hanyar ta ƙuntata bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, lokacin da Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, sannan ta rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024. Amma tambayar ba ta rufe tare da ofishin ba. Tana jiran ɗalibi a Rabat da Aljiyas da Alƙahira, tana jiran sa a Istanbul da Mosko, sai dai kowane gari da irin wutsiyarsa.

Kafin a yanke wa ɗalibin hukunci, ya kamata a duba irin baƙuntar da al'ada ta sani. A tsarin Bahaushe baƙo ba ya tsayawa shi kaɗai, kullum yana da mai masauki. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun san gidan da za su sauka a zangon Salaga tun kafin su isa, kuma mai gidan shi ne tafintansu, shi ne dillalinsu, shi ne mai tsaya musu in rigima ta tashi. Almajirin da ya tafi gabas yana ƙarƙashin malaminsa, kuma ba ya rasa uwar ɗakin da ke ajiye masa tuwon dare. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makaranta da masauki a Alƙahira saboda mutanensu masu neman ilimi da masu wucewa hajji. Dalilin duk wannan yana cikin karin maganar da ke cewa baƙo ko da ido makaho ne. Mai masauki shi ne ɗan jagoran wannan makaho. Shi ke gaya masa wanda ake duƙa wa, da kalmar da ba a faɗa a kasuwa, shi ke jan sa gefe in ya yi kure, ya kuma ba mutanen gari haƙuri a madadinsa. Saboda haka sabo a da ba nauyin mutum ɗaya ba ne, mutum biyu ke raba shi.

Ɗalibin zamani kuwa ofis ne mai masaukinsa. Hukumar kula da jin daɗin ɗalibai, wadda ake kira CROUS, ita ke ba shi ɗaki in ya yi sa'a, ita ke da gidan cin abincin ɗalibai inda farashin abinci ya kai Yuro 3,30 a 2019. Wani ofishin ke ba shi takardar izinin zama, doka kuma ta ƙayyade masa awa 964 na aikin neman kuɗi a shekara. Wannan tsari yana da adalcinsa, kuma rashin gaskiya ne a ɓoye shi: ofis ba ya tambayar asalin mutum ko sana'ar kakansa, ba ya kuma yi masa gori ranar da suka ɓata. Amma ofis ba ya jan mutum gefe. Yana karɓar takarda ko ya mayar da ita, ba ya cewa "ɗana, ba haka ake yi a nan ba". Duk abin da mai masauki zai faɗa cikin hira ɗaya, ɗalibi sai ya yi tuntuɓe da shi kafin ya sani.

Tuntuɓen farko da rana ake yin sa. A Maraɗi tsawon yini bai cika gaza awa 11 ba, bai cika wuce 13 ba, shi ya sa jiki ke sanin lokaci ko babu agogo, hantsi da azahar da la'asar kowane da inuwarsa. A Paris kuwa, a ƙarshen watan Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8:40, ta faɗi kafin ƙarfe 5 na yamma. Ɗalibi ya shiga aji da duhu, ya fito da duhu, kuma azahar da la'asar da magariba duk sun wuce cikin awa huɗu da ƴan mintoci alhali yana zaune gaban malami. A watan Yuni lamarin ya juya, rana ba ta faɗuwa sai gab da ƙarfe 10 na dare. Waɗanda suka yi azumin 2016 a can, da ya faɗo a wannan wata, sun yi ta kai kusan awa 18 ba ci ba sha, wasunsu a tsakiyar jarrabawa. Babu kiran salla da zai raba masa yini, kuma Juma'a ranar karatu ce kamar kowace rana. Wanda ya tashi a garin da lokaci ke zuwa ya same shi, yanzu shi ne zai riƙa bin lokaci da takarda da agogo.

Tuntuɓe na biyu shiru ne. Yaron da aka hore shi da cewa wuce mutum ba gaisuwa rashin tarbiyya ne, sai ga shi cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kafaɗa da kafaɗa da mutum ɗari, ba mai duban wani. Maƙwabcinsa na ɗaki zai ce masa kalma ɗaya ta gaisuwa ya wuce, ba tambayar kwana, ba tambayar gajiya. In ya ƙwanƙwasa ƙofar wani ba tare da ya sanar ba, sai ya ga mamaki a fuskar mai ɗakin. In dare ya yi ya ɗaga murya a waya yana gaida mutanen gida, sai a buga masa bango. Abin da ya fi ciwo kuwa ƙaramin abu ne da ba a rubuta shi a wasiƙa: cin abinci shi kaɗai. Wanda hannunsa ya saba haɗuwa da hannun ƴan'uwa cikin kwano ɗaya, wanda ya saba zaman fada ana dafa shayi har dare ya raba, yanzu ga shi da faranti ɗaya da cokali ɗaya yana fuskantar bango. Ɗaliba mace tana da ƙari a kan wannan, domin ita ana kallon ta daga gefe biyu: mutanen gari na karanta lulluɓinta, ƴan ƙasarsu na ƙidaya lokacin da take dawowa daga ɗakin karatu.

Na uku a aji yake, kuma shi ne ya fi taɓa zuciyar tarbiyya. A gida an koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, kada ya haɗa ido da malami, kada ya yi masa musu, in an tambaye shi ko ya gane ya ce ya gane. Wannan kunya ce, kuma kunya ado ce. A jami'ar Faransa kuwa malami yakan ɗauki kau da ido a matsayin rashin kulawa ko ɓoye wani abu, yakan ɗauki shiru a matsayin rashin shiri. Yana jiran ɗalibi ya yi tambaya, ya kawo hujja, ya ce bai yarda ba in bai yarda ba. Halin da ya sa aka yabi yaro a Tawa shi ne zai rage masa maki a Bordo, kuma ba wanda zai gaya masa dalili.

Gaban waɗannan abubuwa ɗalibai sukan rabu gida biyu, kowane gida ya riƙe karin magana ɗaya ya yar da ɗaya. Akwai wanda ke ɗaura wutsiya har ya manta igiya ce. Cikin shekara guda ya fara jin nauyin sunansa, ya guji ƴan ƙasarsu, in ya tuna gida sai ya tuna ƙura da jinkiri kawai. Akwai kuma wanda ke rufe ƙofa. Ba ya cin abin da ba na gida ba, ba ya abota sai da ɗan garinsu, duk abin da bai gane ba sai ya kira shi lalacewa. Na farkon an fi zargin sa, amma na biyun ma ya yi asara, domin an kashe dukiya an kai shi bakin rijiya ya ƙi jefa guga. Littafin L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, da ya fito a 1961 kuma malamai da yawa suka karantar da shi, ya nuna wannan tsagewa ta hanyar Samba Diallo, wanda ya kasa zama cikakke a ko'ina har ajalinsa. Littafin ya faɗi gaskiya game da zurfin raunin. Sai dai yawancin ɗalibai ba mutuwa ce ke jiran su ba, safiyar Litinin ce, kuma suna bukatar ma'aunin da za su yi aiki da shi a wannan safiya.

Ma'aunin da ya fi kusa da hankali shi ne a tambayi kowace al'ada abin da take yi wa hidima. Sunkuyar da kai hidimar girmamawa yake yi. In aka je inda girmama malami shi ne a dube shi a saurare shi a amsa masa, to wanda ya ɗaga ido ya riƙe girmamawar, wanda ya nace da sunkuyawa kuwa ya riƙe kwanon ya zubar da hurar. Doguwar gaisuwa tana cewa "na gan ka, kai mutum ne". A garin da mutane ke jin an mutunta su in an kiyaye lokacinsu da shirun darensu, isa kan lokaci da rage murya su ne gaisuwar. Ta wannan fuska yawancin sabon da ɗalibi ke yi fassara ce, irin ta tafinta mai sauya kalma domin ma'ana ta isa. Akwai kuma abubuwan da ba su da fassara, domin su ne ma'anar da kanta: gaskiya, da riƙon amana, da abin da mutum ya yi imani Ubangijinsa ya ɗora masa, da hakkin iyaye. Wanda ya sha giya don kada a ce masa baƙauye bai fassara komai ba, tsoro ne ya ci shi. Wanda ya ƙi da fara'a, ya zauna da abokansa da kofin lemo a hannu, ya ba baƙunta hakkinta ya kuma ba kansa nasa.

Amma wannan ma'auni yana da rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba. Al'ada ba riga ba ce da ake tuɓewa a rataye a sake sawa yadda take. Abin da hannu ya daɗe yana yi, zuciya takan bi shi. Wanda ya shekara biyar yana cin abinci shi kaɗai yakan wayi gari ya daina jin kewar kwanon taro, har ya fara jin daɗin rufe ƙofarsa. Wanda ya koyi yi wa malami musu da hujja ba zai iya kashe wannan hali ranar da ya zauna gaban baffansa ba. Wanda ya saba a sanar da shi kafin a zo, zai ji wani abu ya motsa a ransa ranar da baƙi takwas suka yi sallama yana tsakiyar aiki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ko mutum ya so ko bai so ba. Saboda haka duk wanda ya ce wa ɗalibi zai je ya dawo yadda ya tafi, da digiri kawai a matsayin ƙari, ya yi masa alkawarin da ba ya cikuwa. Sabo yana da farashi, kuma wani ɓangare na farashin ba a mayar da shi. Abin da ya rage a hannun ɗalibi shi ne ya san abin da yake biya, ya zaɓa da idonsa buɗe, kada ya farka bayan shekaru ya tarar an yi cinikin ba da saninsa ba.

A nan ne maganar kuɗi ke shigowa, domin a kanta ake fara yi wa gida ƙarya. Tun 1999 Yuro ɗaya yana daidai da sefa 655,957. Shekaru da dama hukumomin Faransa na neman ɗalibi ya nuna yana da Yuro 615 a kowane wata, wato sama da sefa 400.000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a Nijar bai wuce sefa 30.047 ba, kafin a ɗaga shi zuwa 42.000 a 2024. Iyayen da suka ji wannan lissafi sai su ɗauka ɗansu na cikin daula, ba su san kuɗin ɗaki kaɗai na iya cinye rabinsa ko fiye ba. Tsofaffin ɗalibai kuma ba su manta watan Janairu na 1994 ba, da aka karya darajar sefa da rabi, abin da iyaye ke aikowa ya zama rabinsa cikin dare ɗaya. Tsakanin zaton gida da halin da yake ciki, ɗalibi yakan zaɓi shiru. Ya ɗauki hoto gaban dogon gini ya aika, ya ɓoye cewa da asuba yake wanke-wanke a gidan abinci, ya ɓoye cewa ya faɗi jarrabawa, ya ci bashi ya aika kuɗin ragon layya don kada a ce ya manta. Niyyarsa kyakkyawa ce, ba ya son tayar da hankalin mahaifiya. Amma kowace ƙarya irin wannan tana ƙara tsawon hanyar komawa, har a kai ranar da kunya ta hana shi dawowa gaba ɗaya. Da yawa daga waɗanda ake cewa ƙasar waje ta cinye su, kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe su. Gida ma yana da nasa laifin, in ya zama ba ya son jin komai daga bakin ɗansa sai labarin nasara.

Rayuwar Abdu Mumuni Diyofo tana nuna wata hanya. An haife shi a Tasawa a 1929, ya yi karatu a Senegal sannan a Paris, inda ya ci babbar jarrabawar zama malamin kimiyyar fiziks a 1956. Ya saba da tsarin Turawa har ya yi fice a cikinsa, ba wanda zai ce ya rufe ƙofa. Amma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban baƙar fatar Afirka a Faransa, FEANF, a 1950, wato ɗaliban da suka rasa mai masauki suka zama masu masaukin junansu. A littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964 ya kare koyarwa cikin harsunan Afirka, kuma da ya dawo gida ya ba da shekaru masu yawa yana shugabancin ofishin binciken makamashin rana, abin da ƙasarsa ke da wadatarsa sosai, kafin ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Babu shakka mutumin da ya dawo ba shi ne yaron da ya bar Tasawa ba. Abin da bai sauya ba shi ne wajen da yake jin za a tambaye shi lissafi.

Daga nan ana iya gane abin da ya kamaci baƙon da bai tarar da mai masauki ba. Shekararsa ta farko ta koyo ce, kuma ba abin kunya ba ne ya yi tambaya kamar yaro, ya nemi aboki cikin mutanen gari, ya karɓi gayyatarsu ya kuma gayyace su ga tuwonsa. Daga shekara ta biyu kuwa wani nauyi ya hau kansa, domin wani makahon na tafe. Zuwa tarbar sabon ɗalibi a tasha, da raka shi sayen rigar sanyi kafin sanyi ya kama, da bayyana masa abin da malami ke nufi da shirunsa, da buga masa ƙofa ranar Lahadi a ce ya zo a ci abinci tare, waɗannan su ne ayyukan mai masauki. Wanda ke yin su dole ya san garin sosai, saboda haka ba zai zama mai rufe ƙofa ba. Dole kuma ya ci gaba da jin harshen sabon zuwa da irin tsoronsa, saboda haka da wuya ya manta igiyar da ya ɗaura igiya ce. A wannan aiki ne karin maganar nan biyu ke daina karo.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu na gida suna da rabonsu. Lise na shirya ɗalibi ga jarrabawa, amma da wuya a ware ko awa ɗaya a gaya masa yadda ake zaman ɗaki shi kaɗai, ko yadda ake cewa "ban gane ba" ba tare da jin an zubar da mutunci ba. A kowane babban gari akwai waɗanda suka yi karatu a waje suka dawo, likitoci da injiniyoyi da malamai, waɗanda za a iya tara su da masu shirin tafiya kafin damina ta ƙare, su faɗi wahalar da suka sha ba tare da ado ba. Iyaye kuma a gaya musu gaskiyar lissafi, a roƙe su su buɗe wa ƴaƴansu ƙofar faɗin gazawa. Ranar da ɗalibi ya dawo, za a ji harshensa ya ɗan karkace, za a ga yana duban agogo, wataƙila ya haɗa ido da wanda bai kamata ba. Kafin a ce ya zama Bature, a tambaye shi ɗalibai nawa ya tarba a can, a kuma ba shi lokacin da ake ba kowane baƙo, domin a watanninsa na farko a gida shi ma yana bukatar wanda zai ja shi gefe.